Kalandar Dakta Kokwamba

Duk faɗin Keffi, daga Yara har Angwan Iya, babu wanda ya san ciwon mara kamar Malachi. Matan da ke fama da shi kowane wata ma ba su kama ƙafarsa ba, don su ciwon kawai suke yi, shi kuwa yana da satifiket.

Ga yadda ya same shi. Malachi masinja ne a wani ofis a Abuja, kullum cikin shan cunkoson Mararaba. Wata rana ofishin ya shirya bitar kwana biyu a otal kan abincin da ya dace da mata lokacin al'ada, aka sa shi jera kujeru da raba ruwa. Da aka gama rabon takardar shaida, guda ta yi saura. Bawan Allah ya rubuta sunansa da hannunsa, ya kai aka sa mata gilashi. Tun ranar ya zama Dakta. 'Yan acaɓan Sabon Gari suna kiransa Dakta Kokwamba, shi kuma rabin farko kawai yake ji, ya ɗaga musu hannu.

Abu ɗaya ya rage masa a duniya. Zumuntar mata ta cocinsu tana neman uban ƙungiya, wanda ake ajiye wa kujera mai hannu a gaba, a yafa masa zanen anko a kafaɗa. Malachi har ya taɓa gwada zama a kujerar ranar da babu kowa, ya ga ta yi masa daidai.

Sai ya fara aiki daga gida. Matarsa Lea, tela ce, tana da nata tsarin tun na gidan uwarta: in kwanakinta sun zo, ta dama kunun tamba mai zafi da citta, ta yi miyar zogale da busasshen kifi, ta rage gishiri, ta bar soye-soye. Yana mata aiki daidai gwargwado. Malachi ya leƙa tukunya ya girgiza kai.

"Wannan ƙauyanci ne, Lea. A Abuja an wuce nan. Jikin mace inji ne, ni kuma na karanci injin."

Ya kafa kalanda a bangon falo, inda kowane baƙo zai gani, ya zagaye kwana biyar da jan biro a kowane wata har ƙarshen shekara. Ranar da biro ya ce al'ada ta zo, to ta zo, ba sai an tambayi Lea ba. A kwanakin nan kokwamba da safe, latas da rana, kokwamba kuma da yamma. An soke kunu, an soke citta, don ba a ambace su a otal ba. Ko an ambata, lokacin ya fita ɗauko ruwa.

Ikon Allah, sai ga nasara. Wata na farko Lea ba ta riƙe mara ba. Na biyu haka, na uku haka. Akwai dai amai da safe, amma Dakta ya yi bayani cewa manjan shekara goma ne yake fita. Ta tsiri kwaɗayin ɗanyen mangwaro, ya ce jiki ne ya waye yana neman bitamin. Siket ya matse ta, ya ce ai dama kokwamba tana gina jiki.

Sau uku tana ce masa, "Baban Dokas, akwai maganar da nake so mu yi." Sau uku yana ɗaga mata yatsa: "Ba a katse likita." Abin ya ba ta haushi ƙwarai. Ta fasa faɗa masa, ta koma shan kununta a shago.

Ranar taron zumunta ya iso cikin kwat a tsakiyar zafin Keffi, katin bita rataye a wuya, kalanda a hammata. Mata wajen arba'in suka ajiye tulun kiɗa suka ba shi fili. Ya gyara murya.

"Iyayena mata, kun daɗe cikin duhu, amma ba laifinku ba ne. Ciwon nan da kuke yi, rashin ilmi ne. Ni ba na magana da ka, da hujja nake zuwa. Lea, tashi su gan ki."

Lea ta miƙe a hankali, hannu a ƙugu.

"Wata huɗu ke nan matar nan ba ta ce wayyo marata ba. Ku dubi yadda ta yi ɓul-ɓul. Aikin kokwamba ne, da kuma kulawar miji mai lura."

Mata suka dubi juna. Wata ta toshe baki da gefen zani, wata ta sunkuya kamar tana neman takalminta. Malachi ya ji daɗi, don ya san haka mutane suke yi in ilmi ya yi musu yawa. Ya saci kallon kujera mai hannu.

Shugabar zumunta, Mama Scholastica, ungozoma ce da ta yi ritaya bayan shekara talatin. Ba ta ɗaga murya ba.

"Mun gode, Dakta. Rage gishiri da soye-soye gaskiya ne, iyayenmu ma sun faɗa. Amma Lea ba za ta yi ciwon mara ba, don al'adar ma ba ta zuwa. Juna biyu gare ta, wata huɗu. Ni na auna ta. Duk wadda ke ɗakin nan ta sani, har mun fara koyon waƙar ranar suna."

Malachi ya dubi kalandarsa, jan biro reras har Disamba.

"Ku ba Lea kujerar nan mai hannu," in ji Mama. "Ta daɗe a tsaye."

Lea ta zauna, ita ma ta yi mata daidai. Aka ɗauki tulu aka ci gaba da waƙa, ba wadda ta sake tada zancen uban ƙungiya. Da aka tashi, sai aka roƙi Dakta ya taimaka ya tattara kujerun roba. A nan kam, tsakani da Allah, kowa ya shaida mutumin ya halarci bita.