Rasuwar Tsohuwa, Kwamfutar Anti

Da zuciya mai cike da baƙin ciki har wuya, Anti mai buga takardu, ta shagon da ke daura da ƙofar makaranta, take sanar da 'yan'uwa da abokan ciniki rasuwar kwamfutarta, wadda aka fi sani da Tsohuwa. Ta cika ranar Alhamis da hantsi, tana da shekara goma sha shida, ana tsaka da buga jarrabawar kimiyyar sinadarai.

Marigayiya ba ta san gaggawa ba. In an kunna ta sai ta yi "girrr", ta yi shiru, Anti ta share shago ta dawo ba ta gama farkawa ba. Amma kaf layin nan ita kaɗai ke ajiye ɗan ƙaramin biyu a gindin H, ta miƙe kibiya tsakanin sinadari da sinadari ba karkata. Sirrin yana cikin wani shafi guda da marigayi mijin Anti ya tara alamomin. Anti ba ta taɓa koyon yin su ba, ba ta ma ga dalili ba. In tana son kibiya can take zuwa ta ɗauko, kamar mai ɗiban gishiri.

Ciwon ajali ya zo ne ta hannun surukin Anti, wanda ya leƙo gaisuwa ranar Laraba, ya tausaya wa Tsohuwa, ya sabunta mata komai ba wanda ya roƙe shi. Washegari duk kibiyoyi suka koma 'yan akwatuna da alamun tambaya. Ta yi "tit, tit", ta ɗauke. Mai gyara ya ceto shafin ya buɗe a wata kwamfutar, can ma akwatuna. Anti ta yi kuka ba ɓoyo, don abin da ya rage mata na aikin hannun mijinta ke nan.

Marigayiya ta bar firinta ɗaya, da linzamin kwamfuta mai lalurar danna, da malamin kimiyya, wanda ke zaune a benci tun jiya yana maimaita cewa jarrabawa Litinin ce.

Za a kai ta makwancinta a saman kabad gobe Asabar da ƙarfe goma, lulluɓe da tsohon labulen shago. Zaman makoki a nan shagon ne. An riga an buga takardun jarrabawar guda ɗari uku a wata kwamfutar, an bar gurbin kibiya tara a kowace. Ana roƙon masu ta'aziyya kowa ya taho da baƙin biro mai siririn baki. Suruki an ware masa ɗari.