Rasuwar Dikodar Gidan Mai Gyaran Agogo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki da fargabar abin da zai biyo baya, Mai Gyaran Agogo, uban yara huɗu, yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar dikodar gidansa, wadda ta cika a kan teburinta na falo, a ƙarƙashin ƙyallen da uwargida ta saƙa mata.

Marigayiyar ba ta yi doguwar jinya ba. Lafiya lau ta wayi gari, sai kamfanin tashoshi ya mayar da komai zuwa sabon hoto mai tsananin haske, ya kuma taya jama'a murna. Tashoshinta suka riƙa ɗaukewa ɗaya bayan ɗaya. Maigidan bai yarda ajali ba ne. Ya zare katinta ya goga a riga, ya hura mata iska, ya mare ta a gefen hagu inda ta saba jin magana. Ya hau rufi yana juya dish har bayansa ya riƙe. Kalmarta ta ƙarshe ita ce "shhhh", kamar mai lallashin jariri.

An shaide ta da kunya. Hotonta dishi-dishi ne, ba ta taɓa tona ƙurajen fuskar mai karanta labarai ba. In hadari ya taso, ita ce ta farko da ke shigewa ɗaki. Babbar nagartarta kuwa, tana da makulli na lambobi, kuma maigidan ne kaɗai ya san su, ko dai haka yaran suka bar shi yana zato. Saboda ita ne yake sanin inda kowannensu yake da yamma: a kan tabarma, a gabansa, suna faɗa kan tasha.

Ta rasu ta bar talabijin mai ƙatuwar ƙeya, da dish da ke kallon sama har yanzu, da rimot ɗaure da roba. Ta kuma bar yara huɗu, waɗanda ko zaman makoki ba su tsaya ba. Tun ranar suka tare a falon maƙwabci Mai Walda, inda sabuwar dikoda ke nuna komai tar, ba makulli, ba babba a kusa. Autan ya dawo da wata irin rawa da uban bai san sunanta ba. Babbar ta fara cewa kayan gidansu duk na da ne, tana faɗa tana kallonsa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi, idan mai sayen tsofaffin ƙarafa ya iso da baronsa da sikelinsa. Kamfanin da ya yi ajalinta ya aiko saƙon waya cewa akwai sabuwa a shagonsa. Iyalin ba su ɗauki wannan a matsayin ta'aziyya ba.

Ana karɓar gaisuwa a falo. Ana roƙon masu zuwa su biya ta gidan Mai Walda su turo yaran gida. Za su tarar da ubansu a kujerarsa, rimot a hannu.