Ɗakin Inna na Ƙasa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin da ke gina mana gida,
jagoran magina, mai alkawarin da ba ya tsufa,

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka, a ƙarƙashin rufin da aka gama. Na so in kawo ta da hannuna, sai dai duk zuwan da na yi ofishinka akan ce mini yanzun nan ka fita. Bawan Allah da yake fita haka ba hutu ya cancanci a tausaya masa, shi ya sa na ba jarida, ko za ta riske ka a hanya.

Ni ce matar da ta zaɓi gida na ƙarshe a layin baya, mai ɗakin kwana ɗaya a ƙasa. Saboda wannan ɗaki muka zaɓe shi. Mahaifiyata, wadda kowa ke kira Inna, gwiwoyinta sun daina ɗaukarta, mu kuwa a hawan ƙarshe na wani dogon bene muke haya. Ranar da muka sa hannu ka riƙe hannun maigidana ka ce, "Kafin damina kuna ciki." Da wannan magana muka ɗauko Inna daga gidanta, aka hau da ita sama a kan kujerar roba, muka ce mata na ɗan lokaci ne. A lokacin Autarmu tana goye a bayana. Yanzu ita ke ɗaure igiyar takalminta ta tafi makaranta. Inna ba ta sake taka ƙasa ba.

Ka gafarce ni in jero maka 'yan ƙorafe-ƙorafena, da ladabin da ya dace da mutum irinka.

Na farko. Ina godiya da yawan shawarar da kamfaninka ke yi da mu. Ban taɓa ganin inda ake girmama ra'ayin mutum haka ba. Akwai wata ma'aikaciyarku mai murmushi da take kiran mu mu zo mu zaɓi abubuwa. Mun zaɓi launin tayil. Mun zaɓi fentin falo, muka koma muka sake zaɓa domin wancan an daina yin sa. Mun zaɓi kan famfo. A kan mariƙin ƙofa kuwa ni da maigida sai da muka kwana biyu ba ma ga maciji, shi yana son mai zagaye, ni ina son dogo wanda hannun tsohuwa zai iya dannawa. Na yi nasara, ma'aikaciyar ta taya ni murna, har ta ba ni guda ɗaya in tafi da shi gida in saba da shi. Na saba da shi, ranka ya daɗe. Ƙofar fa?

Bayan wannan zaɓe muka je filin. Mun tarar da rami mai kusurwa huɗu, da rodi a tsaitsaye ya yi ja da tsatsa, da kwaɗi a inda aka ce falo ne. Maigida ya tsaya a bakin ramin, hannu a baya, ya ce, "Kin ga girman falon kuwa?" Na ce na gani, har da baƙi a ciki.

Na biyu. Ina so ka san abin da ka koya wa gidana. Ka koya mana kalmomi uku: sai mun koma. Famfon kicin yana ɗiga, sai mun koma. Fankar falo tana kuka kamar an taka mata ƙafa, sai mun koma. Labulen da na ɗinka daidai da awon tagoginku yana ninke a akwati, wanda ke rataye kuwa rana ta cinye shi har maƙwabta suna iya ƙirga mu. Littattafaina na ɗaure su cikin kwalaye tun makon da ka yi alkawari, don kada ranar tashi ta zo mini ba shiri. Idan ina son wani yanzu sai in durƙusa ina lalube kamar mai sata a ɗakinta.

Maigida yana fama da haƙori. Na ce, "Baban yara, ka je a cire maka haƙorin nan, ka hana mu barci." Ya dafe kumatu ya ce, "Bari dai mu koma, kusa da sabon gida akwai asibiti." Asibitin ma, da na bincika, a zanenku yake. Malamar su Auta ta aiko kirana. Wai ta tambayi yarinyar ina aikin gida, yarinya ta dube ta da gaskiyarta ta ce, "Sai mun koma." Ban iya yi mata faɗa ba. A bakin wa ta ji?

Na uku. Ina yaba wa ofishinka da bai taɓa ba ni dalili ɗaya sau biyu ba. Da ruwa ya sauka, ruwa ne ya hana aiki. Da ya ɗauke, babu ruwan kwaɓa siminti. Siminti ya yi tsada, aka ce a jira ya sauko. Ya sauko, aka ce hikima ita ce a jira ya ƙara saukowa. Injiniya ya yi tafiya. Injiniya ya dawo amma yana hutun gajiyar tafiya. Na karanta labaran ƙirƙira da yawa a rayuwata, kuma ina shaida maka wanda ke rubuta muku waɗannan yana ɓata baiwarsa a harkar gini. Na kuma karanta tarihin mutanen da suka tada birane da igiya da kafaɗa, babu mota, babu waya. Me suka sani wanda ba ku sani ba? Ko dai su ba su da ofishi ne?

Na huɗu, kuma a nan dole in cire ɗankwali in jinjina muku. Gidan samfurin da kuka gina a bakin titi, wanda kuke nuna wa masu saye, gida ne. Ya tabbatar mini kun iya. Akwai bango, akwai rufi, ana murɗa famfo ruwa ya zo, ana danna maɓalli wuta ta kama. Irin namu ne sak, har da ɗakin ƙasa mai taga da ke kallon ciyawa. Ana ba ciyawar ruwa safe da yamma, ana share gidan, ana kunna masa na'urar sanyi don kada kujeru su ji zafi. Akwai gado mai katifa da ledarta, ba wanda ya taɓa kwanciya a kai. Akwai kwanon 'ya'yan itace na roba. Akwai kanta cike da littattafai, na ciro ɗaya na buɗe, ashe bango ne kawai, cikinsa wayam. Wannan kam na ɗauke shi a matsayin cin fuska gare ni ni kaɗai, amma na yafe.

Maigidana duk ƙarshen mako yana can. Yakan cire takalmi a bakin ƙofa, ya zauna a kujerar da ya ce a nan tasa za ta kasance, ya miƙe ƙafa, ya yi ajiyar zuciya. Maigadinku ya daina tambayarsa abin da ya kawo shi, sai dai ya ce, "Sannu da dawowa, maigida." Mutum ne mai haƙuri mijina, kuma yana ƙaunarka. Idan na fara magana a kanka sai ya ce, "Haba, Maman yara, gini ba wasa ba ne, ki yi masa uzuri." Uzurin da na yi maka, ranka ya daɗe, da bulo ne da yanzu mun yi bene.

Na biyar shi ne dalilin takardar. Sauran duk share fage ne.

Inna mace ce ta tsakar gida. Da can ba ta zama, ba ta sa takalmi sai za ta unguwa. Tana da kajinta, tana da 'yan shuke-shukenta a gindin katanga, duk wanda ya wuce ƙofarta sai ya tsaya sun gaisa ko yana so ko ba ya so. Yau duniyarta taga ɗaya ce. Tana zaune tana kallon titi daga sama, har ta san mutanen layinmu ta tsakar kansu. Takan ce mini, "Ke, zo ki ga, mai sanƙon nan ya yi sabuwar riga." Ko ta ce, "Mai jan ɗankwali yau ba ta fito ba, Allah ya sa lafiya." Ba ta san fuskar ko ɗaya ba. Tana ɗaga musu hannu, ba mai ɗaga kai.

Matakalar benen da muke haya ƙunci gare ta, ga lanƙwasa. Hawan da aka yi da ita sau ɗaya, sai da ta yi mako tana jin jiki, telan da ke hawan ƙasa wanda ya kama wa maigida kujerar kuma har yau yana tuna mana da bayansa. Likita ya ce kada a riƙa jijjiga ta sama da ƙasa. Shi kansa idan ya hawo sai mun ba shi ruwa da kujera kafin ya tuna abin da ya zo dubawa. Don haka duk lokacin da Inna ta ce tana son sauka, mukan ba ta amsar da ka koya mana.

Watan jiya ƙawarta ta rasu, wadda suka tashi tare tun suna yara. Gidan rasuwar ba nisa, ana hango rufinsa daga tagarmu. Inna ta sa na ɗauko mata mayafinta, ta yafa, ta zauna a bakin gado. Na ce, "Inna, ba dama." Ta ce, "Na sani, 'yar nan. Na yafa ne kawai." Haka ta wuni da shi a jikinta tana kallon masu zuwa gaisuwa ta tsakar kansu. Da yamma ta cire, ta ninke, ta miƙo mini ta ce, "Ni dai in tawa ta zo, ku yi wa masu ɗaukata addu'a, matakalar nan ba ta da mutunci." Ta yi dariya. Ni ban yi ba.

Shin a cikin zanenku akwai inda aka rubuta shekarun da tsohuwa za ta iya jira? Shin akwai ma'aikaciya mai murmushi da za ta kira ni in zaɓa mata sababbin gwiwoyi?

Saboda haka, cikin ladabi, ba izini nake nema ba, sanarwa nake yi. Ranar Asabar da hantsi za mu sauko da Inna. Tela ya yarda, bisa sharaɗin cewa wannan ne na ƙarshe, kuma na ba shi tabbaci. Sau ɗaya za ta sauko, ba kuma za ta sake hawa ba. Za mu kai ta gidan samfurinku, ɗakin ƙasa, ta zauna a can har ranar da za ku miƙo mana namu. Ba za mu taɓa komai ba. Ni zan riƙa kwana da ita, maigida kuwa ya riga ya san kujerarsa.

Ina roƙon alfarma kaɗan. A cire ledar katifar, tana ƙara idan an juya. A rage sanyin na'urar, ƙashin tsufa ba ya so. Allon nan da ya ce kada a taka ciyawa, a bar shi inda yake, Inna ba ta karatu ba tabarau, kuma zan manta da shi a sama.

Kada ka damu da masu zuwa ganin gida. Inna za ta tarbe su, ta daɗe ba ta ga fuska ba. Za ta tambaye su iyali, ta nuna musu kicin, ta yaba musu tayil. Idan suka tambaye ta tun yaushe take jira, tsohuwa ce mai tsoron Allah, ba ta ƙarya, kuma ba ta iya gajeren labari ba.

Gaskiya ta sa in faɗa maka cewa maigida bai goyi bayan wannan shiri ba. Da na faɗa a gaban Inna, ya zaro ido ya ce, "Maman yara, kin san abin da kike yi kuwa? 'Yan sanda fa za su kira mana."

Inna ta juyo daga taga ta ce, "Ɗan nan, ofishin 'yan sandan a sama yake ko a ƙasa?"

Ya ce, "A ƙasa yake, Inna."

Ta ce, "To ai shi ke nan. Ɗauko mini mayafina."

Idan ka ga wannan bai yi maka ba, ƙofa a buɗe take, ka zo da kanka. Za ka same ta a bakin taga ko a kan ciyawa. Sai ka durƙusa ka gaishe ta yadda ake gaida uwa, ka kalli fuskarta ka ce ta koma sama. In ta yarda, kujerar robar tana nan, kai ne a gaba, injiniya a baya.

Allah ya ƙara girma, ya ƙara lafiyar fita, ya sa ka tsufa a ɗakin ƙasa.

Taka mai biyayya, wadda ba ta taɓa ɗaga maka murya ba,

'Yar Inna,
daga saman bene, zuwa ranar Asabar.