Rasuwar Mai Gurnani, Jitar Ɗakin Ƙarshe

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, tsohuwar ɗakin ƙarshe, matar marigayi makaɗi, tana sanar da dangi da maƙwabta, har da masu leƙen taga, rasuwar Mai Gurnani, jitar lantarkin nan mai tsirkiya huɗu da makaɗa ke kira bes.

Marigayiya ta zo duniya da lalurarta. Waɗanda suka ƙera ta, Allah ya shirye su, sun yi mata wuya ya fi gangar jiki nauyi, da an sake ta sai ta kifa kai ƙasa kamar amaryar da aka yi wa tambaya. Ƙusar ratayarta ba ta taɓa zama ba sai da maigidan ya cusa mata tsinken ashana. Ramin wayarta kuwa a sake yake kamar bakin matar telan unguwa. Duk da haka ba ta taɓa neman gaba a wurin kiɗa ba. Daga baya take tsayawa, dum, dum, tana riƙe kowa.

Babban aibinta shi ne gurnani. Da an jona ta sai ta kama zzzz, ba ta yin shiru sai an ɗora hannu a kan tsirkiyarta. Wai wata 'yar waya masu ƙera ta suka manta ba su liƙa ba a ciki. Maigidan ya yi ta zaginta a kan haka har ya koma ga Mahaliccinsa.

Bayansa tsohuwa ba ta iya kiɗa ba, amma ta iya jonawa. Kullum da hantsi, in gida ya watse, sai ta kunna ta su zauna. Ta ba ta labarin unguwa kaf, ita kuma tana zzzz. In ta taɓa ta, ta yi tsit ta saurara. A duk gidan nan jitar kaɗai ke sanin an taɓa ta.

Ajali ya zo ta hannun 'yar tsohuwa, wadda ta ce ƙarar nan za ta haukata uwarta, ta kira mai gyaran rediyo ba shawara. Ya buɗe cikin marigayiya, ya ɗiga dalma, ya ce ta warke. Aka jona, shiru. Aka taɓa, aka sake, duk ɗaya. Tsohuwa ta faɗa wa 'yarta abin da ba ya rubutuwa, ita kuma ta ɗauki jaka ta buga ƙofa ta fice, har yau ba ta leƙo ba.

Mai Gurnani ta rasu ta bar lasifika ɗaya mai tari, da igiyar rataya mai warin zufar maigidan, da tsohuwa.

Za a kwantar da ita a akwatinta, a ɗora bisa kabad ranar Asabar da hantsi. Ana karɓar gaisuwa a ɗakin ƙarshe. Kada a kawo komai, a zo dai a daɗe. Wanda ya ga 'yar tsohuwa ya gaya mata ƙofar da ta buga ba a sa mata sakata ba.