Ranar da Fanka Ta Watsa Katunana

Ba zan taɓa mantawa da Alhamis ɗin da na ɗauki kwalin katunana na kai makaranta ba. Da ƙuruciya na yi aiki a wani kamfanin saƙa a Kaduna, ina huda wa wani tsohon injin lissafi mai girman durowar kaya katunan da yake karantawa. Cikinsa cike yake da ƙwayayen gilashi irin na tsohuwar rediyo, in suka ɗau zafi sai mu tuɓe riga. Da aka yar da injin, na taho Lafia da kwalin kati ɗaya.

Tun rasuwar matata Asabe, ba mai tambayata komai a unguwarmu ta Akurba sai kwana da gajiya. 'Ya'ya sun yi nisa, in sun bugo waya ma sauri suke yi. Kaɗaici ya ishe ni, gaskiya. Don haka da maƙwabciyata Malama Rifkatu, mai koyar da kwamfuta, ta ce in zo in yi wa ɗalibanta bayani, kuma in shugaban makarantar ya ji daɗi zan riƙa zuwa duk mako, sai da na sa aka goge mini babbar riga har sau biyu.

Ga ƙa'idar aikinmu: katunan a jere suke, in ɗaya ya bar gurbinsa lissafi ya lalace. Shi ya sa kowa ke zana layi a karkace a saman jerin, ko ya zube a gane wurin kowane kati. Ni ban taɓa zanawa ba (girman kai ne, amma a lokacin ƙwarewa nake kiransa). Haka na faɗa wa yaran, ina bugun ƙirji: layi na masu rawar hannu ne, kuma kwalin nan ba wanda ya taɓa shi sai ni. An ba ni minti ashirin, na ci awa guda. Shugaban yana ta duba agogo, na ɗauka mamaki ne ya kama shi.

Na ɗaga jerin sama ke nan don na baya su gani, aka kawo wuta. Fankar da ke bisa kaina ta tashi, na firgita, katunan suka watse ko'ina a ajin. Yara suka bi su suna tsincewa suna dariya. Sai wata yarinya ta ɗaga nata.

"Baba, wannan yana da rubutu a baya fa. Manja, daddawa, doya uku."

Wani ya karanta lambar wayar mai gyaran famfo. Ashe shekara da shekaru Asabe na zarar katunana tana rubuta cefane, ta mayar duk inda ta samu a jerin don kada in ga sun ragu. Sannan yarinyar ta tsinci wani, ta karanta da ƙarfi kafin Malama ta tsayar da ita.

"Yau ma Malam ya ba da labarin injinsa. Na yi kamar ban taɓa ji ba."

Ajin ya fashe da dariya, har shugaban. Ni ma na yi, don ban san inda zan sa fuskata ba. Ba a sake kirana ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Na hau acaɓa rungume da kwalin, katunan a hargitse. Har yau ban jera su ba. Bayan la'asar nakan juya su ɗaya bayan ɗaya ina neman rubutunta, na samu talatin da wani abu.

Abin da na koya shi ne, ka zana layinka komai ƙwarewarka. Sai dai da na zana, da tuni na gano ta, na yi mata faɗa, ta daina. Da yanzu ba ni da abin karantawa.