Juma'ar da Ba Ta Kowa Ba

Da, ni ke raba komai a gidanmu na Kagarawal, don na yi fatauci daga Kumasi har Jidda, ina ƙirga da harshe huɗu. Da aka kwantar da mahaifiyarmu a asibiti, na raba mana jinya mu 'ya'yanta uku, kowa kwana biyu a mako. Na ce lissafi ya fita.

Ranar Juma'a ba wanda ya je. Tsohuwa ta wuni ba abinci, ba mai tayar da ita.

Da muka shiga washegari, ta dubi ƙanwata, ta nuna ni da baki, ta ce, "Wai Hamman naki, a wace ƙasa ya ga mako mai kwana shida?"

Ta rasu bara. Har yau Alhaji Saura Ɗaya ake kirana, ko goro ba a ba ni in raba.