Kwasau da Muryar Lantana

A wani ƙauye da ake kira Tungar Rimi an yi wani mutum, Kwasau, wanda in ka ce masa ya jira ka a nan, to nan za ka same shi ko bayan damina ne. Gidansa ɗaki biyu da rumbu, shi kaɗai a ciki. Matarsa Lantana ta rasu, ɗansu Ilu ya tafi kudu neman abinci. Kafin ya tafi ya bar wa uban tsohuwar kwamfuta mai aiki da hasken rana, a cikinta akwai muryar Lantana tana waƙar niƙa. Kullum bayan la'asar Kwasau kan danna inda aka nuna masa, ya zauna a bakin ƙofa yana saurare.

Wata rana ya danna, murya ba ta fito ba, sai wani jan rubutu. Ya ɗauki kwamfutar a ka har gari, wurin Zulai mai gyara. Ta duba, ta ce masa ranar da aka ajiye muryar, kwamfuta ta auna ta, ta riƙe lambar awon, kamar buhun gero da za a zuba rumbu. Yanzu ta sake aunawa, lambar ba ta zo daidai ba, shi ya sa ta ƙi buɗewa. Ta ce ya koma gida ya lura ko abin zai ci gaba. Tun daga nan Kwasau ya riƙa kai kwamfutar kan sikelin mai sayen auduga kowace safiya. Ranar kasuwa ya kira Zulai a waya. "Ba ta ragu ba, 'yata. Jiya ma ta ɗan ƙaru, amma na ga hulata na mance a kai."

Wata rana Zulai ta ce wataƙila zafi ne ke damunta, kada ya bari ta rasa iska. Kwasau ya samo mafici ya zauna yana yi mata fifita daga hantsi har rana ta yi sanyi. Aka yi ruwan shuka, kowa ya fita gona, shi yana ɗaki, in wannan hannu ya gaji ya sauya wancan. Maƙwabta suka yi dariya, daga baya suka daina ma leƙowa.

Wata rana kuma Zulai ta ce da za a sami wata irin muryar mai lafiya a wani wuri, da sai a gwada su biyu a ga inda suka saɓa. Kwasau ya bi gida-gida yana roƙon tsofaffi su rera masa waƙar. Iya Marka, ƙawar Lantana tun ƙuruciya, ta daure ta rera. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce ba ta zo daidai ba, domin a tsakiya Lantana kan tsaya ta ja numfashi. Tsohuwa ta rufe fuska da gefen zane, ta ce ya tashi ya ba ta wuri.

Da abin ya ƙi ƙarewa, Zulai ta yanke cewa faifan ajiyar da muryar ke ciki ne ya lalace, za ta goge shi ta sake zubi, murya kuwa sai haƙuri. Ba ta faɗa masa haka ba. Ta dai ce ya cire duk abin da ke jone da kwamfutar ya kawo mata. Kwasau ya ari sukurudireba wurin mai gyaran keke, ya buɗe cikinta, ya zare kowace waya, ya kwance duk abin da ke kwantuwa, ya zuba a daro ya rufe da faifai ya kai.

Zulai ta daɗe tana kallon daron. "Baba, wa ya aike ka?"

"Ke ce, 'yata. Duk na cire."

Dole ta zauna haɗawa, tana yi tana tsaki. Da ta zo kan siririyar wayar da ke fitowa daga faifan ajiya, sai ta ga bakinta ya yi tsatsa, a gefen da ba a gani in tana jone. Ta sa sabuwa, ta kunna. Lambar awo ta zo daidai. Murya tana nan lafiya tun farko, hanyar da take bi ce ta lalace.

Lantana ta fara waƙa a cikin shago, ga ƙarar janareta, ga masu babur a waje. Kwasau ya zame daga benci ya zauna a ƙasa. Zulai ta buɗe baki za ta yi masa bayani, ya ɗaga mata hannu.

"Dakata tukuna. Ba a yi mata magana in tana niƙa."